Makullin Wayar Baba

Rumfata tana bakin kasuwar Isa, daidai inda masu babura ke sauke mutanen Turba. Caji nake yi da gyaran waya, ina kuma sayar da caja da gilashin kariya da tarkacen da ba a rasa ba. In na ce rabin garin nan sun taɓa gaya mini makullin wayarsu, ban yi ƙari ba. Mutum zai miƙo waya, tun kafin in buɗe baki ya karanto mini lambar da ƙarfi, ko ya zana mini da yatsa a kan benci yadda ake jan layin, jama'a na tsaye suna kallo. Makiyaya kuwa su zube mini wayoyi tun da safe su shige kara, wato kasuwar dabbobi, babu ko makulli a jikinsu. Ni kuma bakina ba ya shiru. In ce da wannan ya daina sa shekarar haihuwarsa, in ce da wancan ya canza lamba da zarar ya bar rumfata, domin ni ma mutum ne. In ce duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobin da aka turo maka, kashe wayar kawai, ɓarawo ne. Har tsiya ake mini, wai na fi liman yawan wa'azi.

Mutum ɗaya ne bai taɓa bari na san makullin wayarsa ba. Mahaifina ne.

Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata 'yar makiyaya ce, ta zo da fulakonta cikakke, Baba kuwa Bagobiri ne, amma a kunyar ɗan fari har ya so ya fi ta. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, a ɗakinta na girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ina ƙarami "yaron ga" nake, da na buɗe sana'a na koma "mai rumfa". Ko gwiwata na gogar tasa a zaure, in yana son wani abu a wurina sai ya juya ya gaya wa na kusa, na kusa ya gaya mini. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, an sha gaya mini ɗan fari shi ne a zuci. Na ji, amma ban taɓa ƙoshi da wannan bayanin ba.

Sai ga autanmu. Kada a ji auta a ɗauka yaro ne, magidanci ne da gemunsa, yana noma a Unguwar Lalle, yana zaune da iyalinsa a gidanmu na Sabon Birni. Sunansa kuwa daga asuba zuwa magariba yana bakin Baba. Kwano ɗaya suke ci. In Baba ya yi dariya a gidan nan, to duba da kyau, Auta na kusa.

Baba fatauci yake yi tun ban zo duniya ba. Ya ɗauki atamfa da takalman roba ya bi ta Burkusuma ya tsallaka Nijar, ya dawo da dabino da cuku da kanwa, ya kuma yi wa makiyaya dillancin awaki. Jarinsa na gaskiya sunansa ne, domin akwai mutanen da za su ɗora masa kaya a mota a kan kalma ɗaya daga bakinsa. Da zamani ya juya, abokan cinikinsa suka koma turo hoton kaya da saƙon murya, shi kuma yana fama da 'yar rakani-kashi mai tocila, sai ya riƙa roƙon yaran kasuwa su buɗe masa saƙo a wayarsu. Abin ya dame ni. Na tara abin da na tara, na je Sakkwato na sayo masa babbar waya, na sa mata gilashi da riga, na kai masa wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Ya juya ta, ya sake juya ta, sannan ya dubi Auta.

"Hwaɗa mai Allah shi yi albarka."

Na ce amin. Na zauna na sa masa layinsa, na buɗe masa manhajar saƙon murya, na haɗa masa ta banki. Da aka zo kan makulli na yi bayani a tsanake, ina kallon tabarma. Na ce, "Baba, ana sa lamba, ana sa kalma. Kalma ta hi ƙarhi. Ka zaɓi abin da ba ka mantawa, kuma ba ka hwaɗa ma kowa." Ina faɗa ina riƙe da wayar a buɗe, yatsana a sama. A raina na gama shirya yadda za ta kasance: zai ce a gaya mini in zaɓa masa, in zaɓa, mu zama mu biyu a duniya da muka san abu ɗaya. Ban taɓa samun irin wannan da shi ba, kuma shi na je Sakkwato in sayo, ko da yake a lokacin da an tambaye ni sai in ce don kasuwancinsa ne.

Baba ya miƙa hannu ya karɓi wayar. Ya yi karatun yaƙi da jahilci yana saurayi, yana iya haɗa baƙaƙen boko da yatsa ɗaya, a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya tashi, ya kira Auta da sunansa, suka shige turaka. Na zauna a zaure ni kaɗai. Aka kawo mini fura na sha ban ji ɗanɗanonta ba. Da suka fito wayar a kulle take, Auta yana ta murmushi. Na yi sallama na hau babur, har na iso Isa ban tuna na tsaya shan mai ba.

Bayan haka hanyoyinmu suka lalace. Wanda ya san yankin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Masu tare hanya in sun tsayar da mota, waya suke fara karɓa, su sa ka buɗe, su duba saƙon banki, su duba hoton gidanka da na dabbobinka da sunayen manyan da ka sani, da wannan suke yanka maka farashi. Sai fatake suka fito da dabara: in za a yi tafiya a ɗauki ƙaramar waya wadda ba komai a cikinta, babbar a bar ta a gida hannun wanda aka yarda da shi. Ni da kaina na riƙa koya wa mutane haka a rumfa. Da na ji Baba ma ya karɓi dabarar, na yi wanka na tafi Sabon Birni ana gobe zai tashi, na zauna a zaure ina ta zancen damina. Wa ya fi cancanta ya riƙe waya in ba mai gyaran waya ba? Da la'asar ya zaro ta daga aljihu, a gabana, ya miƙa wa Auta.

Daga ranar kishin ya samu wurin zama. Ba zan ɓoye ba, kishi ne, irin mai hana mutum jin daɗin tuwo. Auta ya riƙa sa wayar a aljihun gaba, rabinta a waje, don kowa ya gani. Mun haɗu a wani suna a Unguwar Lalle, wayar ta yi ƙara, ya tashi tsaye a tsakiyar mutane ya kara a kunne yana cewa, "Baba ba shi nan, ni na, hwaɗi ina ji." Fataken Nijar suka san muryarsa. Suka fara saka ƙullin dabino a cikin kaya suna cewa na Auta ne. Makiyayi zai zo rumfata a Isa, ya ba ni wayarsa da makullinta da komai, sannan ya tambaye ni ko ina da lambar ƙanena, yana son ya bar wa Baba saƙo.

Kuma da a ce ya iya riƙo ne da sauƙi. Mutumin da ko tasa wayar sai na goge masa tarkace duk wata. Yakan kai wayar Baba caji wata rumfa a Sabon Birni ya bar ta wuni guda cikin tulin wayoyi, ya tafi gona. Na ce ya kawo in duba ta, in sa mata makulli na biyu a manhajar saƙo, in ɓoye saƙonni kada su riƙa fitowa a fuska. Ya dafe aljihu.

"Yaya, Baba yac ce kar in ba kowa."

"Ni na kowa?"

"Yo shi dai haka yac ce."

Na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarmu, wadda ita ma ba ta kiran sunana. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce da bangon ɗaki, "Hassada ga mai rabo taki ta." Na fito na bar mata gidan. Ba zan iya fushi da Baba ba, ba a yi mini tarbiyyar haka ba, sai na tattara duka na ɗora wa Auta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Matata ta gaji da jin zancen, har ta ce in sunan ƙanena kuɗi ne da tuni na gina bene.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Isa ce, Baba yana Nijar. Da hantsi wani dattijo makiyayi daga Turba, abokin Baba tun suna samari, ya shigo rumfata yana haki. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce ya kai bijiminsa kara ya sallama a yadda aka taya, yana so in taimaka masa ya tura kuɗin yanzu.

"Tura ma wa, Baffa?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ba ka ji ba? An kama tsohonka bisa hanya. Ga saƙo nan yat turo."

Na karɓi wayarsa. Saƙon daga layin Baba yake, da hotonsa da rawaninsa. An rubuta cewa yana hannun mutanen daji, sun ba shi zuwa azahar, kada a kira, kada a gaya wa iyalinsa, a tura abin da ya samu ta wannan asusun. Na karanta na sake karantawa, sai hankalina ya fara dawowa. Rubutu ne dogo, layi bayan layi, har da waƙafi. Baba bai taɓa tura wa kowa saƙo a rubuce ba, murya yake aikawa, ya fara da sallama ya tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya. Na kira ƙaramar wayarsa, ba sabis. Na kira wani mai dabino a can Nijar, ya ce ai yanzu ya baro shi yana ta ciniki da 'yan duwan, wato kwastan na can, a kan buhunan kanwa, lafiyarsa ƙalau.

Na ce da dattijon ya mayar da kuɗinsa aljihu. Ya zauna a bencina ya yi ta hamdala, hawaye na bin gemunsa, bijimi kuwa ya riga ya tafi. Na rufe rumfa a tsakiyar cin kasuwa na hau babur.

A hanyar Sabon Birni tsoro ya sake ni, wani abu ya maye gurbinsa. Daɗi na ji. Ina tuƙi ina jera maganganun da zan faɗa, ina hango Baba yana karɓe wayar daga aljihun Auta yana miƙo mini. Na yi istigfari, daɗin bai tafi ba.

Na tarar da Auta a ƙofar gida ya yi zuru-zuru, mutane sun fara taruwa. Da na ja shi gefe ya ba ni labari. Da safe wani ya kira layin Baba, ya gaishe shi da sunan Baba, ya ambaci kasuwar Burkusuma, ya ce daga ƙungiyar fatake ne, ana rubuta waɗanda za a ba takardar tsallaka iyaka, an turo lambobi shida, a karanto masa don a tabbatar da sunan Alhaji. Auta ya buɗe waya ya karanto. Ko sallama mutumin bai yi ba ya kashe.

"Sau nawa nic ce maka ba a karanta ma kowa lamba?"

"Yo ya san sunan Baba, Yaya. Ya san har motad da yaka shiga."

Na haɗiye sauran maganar don akwai aiki. Na ce ya ba ni wayar da makullin. Ya ba ni wayar. Makulli kuwa ya ce sai dai ya buɗe mini da kansa. Ya juya mini baya, ya rufe da tafin hannu, ya danna, ya miƙo. A ranar da ya jefa sunan mahaifinmu a hannun ɓarawo, ni yake ɓoye wa makulli. Na fara aiki. Na sake neman shiga manhajar da layin Baba, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kafin lambobin su iso fuskar wayar ta mutu ta kulle kanta. Na miƙa masa, ya juya baya, ya buɗe. Haka muka yi ta yi a gaban mutane. Na iya hana ta kulle kanta, dannawa biyu ne, amma haushi ya rufe mini ido har na manta, sai can na tuna.

Lambobin suka iso, na sa, aka fitar da ɓarawon. Sai dai ya riga ya kafa nasa makullin na biyu, wanda na so in sa tun farko aka hana ni, don haka mu ma ba mu samu shiga ba sai bayan mako guda. Ba yadda za a aika wa mutane saƙo ta layin Baba a ce ƙarya ne. Muka koma irin ta da. Na bi masallatai ana sallame salla in miƙe in yi sanarwa. Na bi tasha na gaya wa masu baburan Burkusuma su baza. Na kira duk wanda na tuna. Duk da haka wasu sun riga sun tura, cikinsu har da wata tsohuwa mai sayar da cuku wadda Baba ke ɗaukar wa kaya.

Baba ya dawo ya tarar da zance ya riga shi gida. Bai yi faɗa ba. Ya fara zagaya waɗanda suka tura, ya yi musu godiya, ya ɗauki asararsu a wuyansa, ya je Turba ya zauna da abokinsa a kan maganar bijimi. Na ga yadda ya rame a 'yan kwanakin. Mutumin da ake ɗora wa kaya a kan kalmarsa, yanzu in ya aika saƙo sai an kira an ce, "Alhaji, kai na kuwa?"

Ranar da manhajar ta buɗe na je gida da hantsi. Muka zauna a zaure mu uku, wayar tana tsakiyar tabarma. Na sa makulli na biyu, na sa Baba ya canza lambar banki, na kulle layin kansa yadda ko an cire shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba, na ɓoye saƙonni daga fuska. Ina yi ina bayani, ina kuma jira. Duk wanda ke da ido ya ga wanda ya ɓata da wanda ya gyara. Da na gama Baba ya ɗauki wayar ya auna ta a hannu, sai ya ajiye ta a gaban Auta.

"Ka dai ji abin da mai rumhwa yac ce. Ka kiyaye."

Nan na kasa riƙe kaina. Ban ɗaga murya ba, amma na yi abin da ban taɓa yi ba, na dubi fuskarsa kai tsaye.

"Baba, saura makullin wayag ga. Ta wuni rumhunan caji, ta shiga hannuwa. Ban san mi an ka sa ba, ban san ko mai ƙarhi na ko banza na. Garin Isa dut sun yarda da ni. Ni nis sayo ta. A hwaɗa mani in ji, in ba a yarda da ni ba kuma a hwaɗa mani in sani."

Baba ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Na ɗauka fushi ne, sai na ga kunnuwansa da gefen wuyansa, na gane kunya ce ta kama shi, irin wadda ban taɓa gani a jikin dattijo ba. Sai ya yi wa Auta magana ƙasa-ƙasa yana kallon ƙofa.

"Kai hwaɗa mai. Ni ba ni iyawa."

Auta ya sosa ƙeya. "Yaya, sunanka na."

Ban gane ba da farko, na ce sunan wa.

"Naka. Ran da mun ka shiga ɗaki, ai kai kac ce shi zaɓi abin da ba shi mantawa kuma ba shi hwaɗa ma kowa. Yac ce shi kam kalma guda gare shi wadda ko an aza mai bindiga ba ta hita bakinai. Ni ma bai hwaɗa mani ba. Rubutawa yay yi ina kallo. Kuma yac ce in kaj ji, ni da shi."

Baba ya tashi ya fita, wai zai duba akuya.

Na zauna ina kallon wayar. Na san yadda Baba yake da ita in yana gida. Yana idar da sallar asuba zai buɗe ya ji saƙonni. Zai buɗe kafin ya karya, ya buɗe a kasuwa, ya buɗe in an turo hoton kaya, ya buɗe don kawai ya ga lokaci. Kuma ba ya sauri, baƙi ɗaya bayan ɗaya yake bi da yatsa, leɓensa a rufe. Ashe duk wannan lokacin sunana yake rubutawa. Na ji daɗi irin wanda ban san inda zan ajiye shi ba, na kuma ji haushin cewa Auta ya san wannan tun ranar farko, ya riƙa rubuta sunana da nasa yatsan yana juya mini baya. Ko wannan ma shi aka ba ajiya.

Auta ya ce, "To shi ke nan, a bar shi yadda yake ko?"

Wallahi na so in ce a bar shi. Ba wanda zai tuhume ni. Ni ne masanin, in na ce yana da ƙarfi an gama magana. Na buɗe baki da niyyar haka, sai aikin da na yi shekaru ina yi ya tsaya mini a wuya. Kullum sai na hana wani sa sunan ɗansa ko na matarsa a waya, domin shi ɓarawon gida yake fara gwadawa. Wanda ya kira Auta ba baƙo ba ne, ya san kasuwar Baba, ya san motar da yake shiga. Mai wannan sanin ya san sunan ɗan farinsa. Baba ya ɗauka tun da shi ba ya faɗa, kalmar a ɓoye take, alhali tana rubuce da jan fenti a allon rumfata, duk mai shiga kasuwar Isa yana karantawa. A bayan wannan kalma kuwa akwai bankinsa da mutanensa da ɗan abin da ya rage na sunansa.

Da Baba ya dawo ya zauna, na mayar da idona kan tabarma kamar yadda na saba.

"Baba, a canza shi. Kowa ya san shi. Ba shi tsare komi."

Ina jin ƙarar carbinsa. Na yi fatan ya ƙi, ya ce shi wannan ya saba da shi, in samu hujjar yin shiru. Sai ya ce da Auta, "Shi as sani. A yi yadda yac ce."

Na buɗe wurin canzawa. Wayar ta nemi tsohon makulli kafin ta karɓi sabo. Na miƙa wa Baba. Shi bai juya baya ba, bai rufe da hannu ba. Ya kafa yatsa ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ina kallo, har ya kai na ƙarshe. Wannan ne karo ɗaya da na ga sunana ya fito daga wurinsa. Da wayar ta nemi sabon makulli na gaya masa ya haɗa kalmomin da ba su da dangantaka da gidanmu, ya sa lamba a tsakani, sannan na juya fuskata waje da kaina ina kallon masu wucewa. Na ji Auta ya matso kusa da kafaɗarsa.

Da zan tafi Auta ya rako ni wurin babur. Na ɗaure jakata. Sai da na tayar ya dafa kan babur ɗin.

"Sabon makullin ba sunana ba na, Yaya, in shi ad damuwakka."

Na ce ni ban tambaye shi ba. Amma na ji sanyi a raina, kuma ya ga na ji, don dariya ya yi.

Wayar Baba yanzu a tsare take, ba a sake shiga ko ɗaya daga cikin asusunsa ba, kuma Auta ya koyi kashe waya in an nemi lamba. Aikina ya yi kyau. Sai dai duk tsawon lokacin da Baba yake rubuta sunana safe da yamma, ni ina Isa ina cin raina ban sani ba, ranar da na sani kuma a ranar na sa aka goge shi. Har yau in zai tsallaka Nijar Auta yake bar wa wayar, kuma har yau abin yana ci mini rai.